Gemu Ba Ya Hana Iyo

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya ruwa ya zama asalin rayuwa, Ya hore mana koguna da tafkuna domin amfaninmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai wata tambaya da iyaye kan yi, musamman mazauna manyan birane da waɗanda karatu ko neman abinci ya kai su ƙasashen waje. Yaro ya kai shekara 11, ko 13, ko ma 15, bai taɓa koyon iyo ba, sai ga shi rana tsaka ya ce yana son shiga ƙungiyar ninƙaya ta makarantarsu ko ta unguwarsu, watau irin ƙungiyar da ake horar da yara su yi tsere a cikin ruwa. Sai uba ya dubi 'yan shekara 7 da 8 suna tsaga ruwa kamar tarwaɗa, ya dubi ɗansa da gashin baki ya fara tsiro masa, ya yanke hukunci cewa lokaci ya ƙure, ya ce wa yaron ya nemi wani abin yi.

Ra'ayinmu a wannan wata shi ne wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne da kan iya cin rai. Abin da ke buɗe wa yaro ƙofar ƙungiyar iyo shi ne abin da ya iya yi a cikin ruwa, ba yawan shekarunsa ba. Ranar da ya iya ratsa kwamin iyo daga baki zuwa baki ba tare da ya tsaya ba, ranar ya cancanci shiga, ko yana ɗan shekara 9 ko yana ɗan 16. Idan kuwa bai iya ba, to abin da ke gaban iyayensa shi ne su kai shi ya koya tun yau, domin girmansa ƙarin dalili ne na gaggautawa.

MATSAYIN IYO A WAJEN MAGABATA

Wani mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa shafi irin wannan da zancen wasan ruwa? Amsa ita ce magabata na ƙwarai ba su ɗauki iyo a matsayin wasan banza ba. Imamu Nasa'i da Imamu Ɗabarani sun ruwaito hadisi wanda a cikinsa aka keɓe wasu abubuwa huɗu daga cikin wargi marar amfani, aka kuma lissafa koyon iyo a cikinsu, tare da horar da doki da gwajin harbi da wasan mutum da iyalinsa. Haka kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya aika wa mutanen Sham da umarnin su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi. Masu tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun ambata cewa ya koyi iyo yana yaro a unguwar Banu Najjar a Madina, lokacin da mahaifiyarsa ta kai shi ziyarar dangi.

Abin lura a nan shi ne waɗannan mutane ne da suka tashi a ƙasar da ba ta da kogi mai gudana duk shekara. Duk da haka suka ga wajibcin shirya 'ya'yansu domin ranar da za su haɗu da ruwa. To ina ga mu da kogin Kwara da Binuwai da Rima da Haɗeja suka ratsa ƙasarmu, ga tafkin Cadi, ga madatsun ruwa irin su Tiga da Kainji da Goronyo, ga kududdufai da ke cika maƙil a tsakiyar garuruwanmu kowace damina?

Sa'an nan kuma babu inda aka ƙayyade shekarun da idan yaro ya wuce su an ɗauke wa uba nauyin koya masa. Imamu Buhari, a babin ilimi, ya jawo hankali cewa sahabbai sun nemi ilimi bayan sun manyanta. Malaman tarihi kuma sun ba da labarin Alƙaffal na Marwa, babban malamin mazhabar Shafi'iyya, wanda maƙerin kwaɗo da makulli ne har ya kai shekara 30 kafin ya fara karatun fiƙihu, ya kuma zama abin koyi a cikinsa. Kakanninmu sun taƙaita wannan duka da cewa gemu ba ya hana ilimi. Iyo kuwa ilimi ne da ake koya da gaɓɓai.

ABIN DA RUWA KE CI

Kafin a zo zancen tsere da lambar yabo, ya kamata mu tsaya mu dubi abin da ke kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na watan Disamba 2024, ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021 kaɗai, kuma fiye da rabinsu ba su kai shekara 30 ba. Rahoton ya nuna cewa daga shekarar 2000, idan aka auna da yawan jama'a, wannan mutuwa ta ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya baki ɗaya, amma a yankin Afirka raguwar kashi 3 ce kacal, kuma yankin namu ne ke kan gaba wajen yawan mutuwar idan aka auna da yawan jama'a. Tun a shekarar 2021 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan wannan bala'i.

Mu kuwa ba ma bukatar wani ya zo daga nesa ya ba mu labari. A watan Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekarar kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Babu shakka ajali idan ya zo ba ya jinkiri, kuma babu mai cewa iya iyo kaɗai zai ceci wanda jirgi ya kife da shi cikin dare a tsakiyar Kwara. Lodin da ya wuce ƙima, da rashin rigar kariya, da tafiyar dare, da ruɓaɓɓun jirage, su ne manyan musabbabai, kuma alhakinsu na wuyan masu jirage da hukuma. Amma riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Wanda bai iya ruwa ba yakan nutse cikin ƙasa da minti ɗaya, shiru, ba ihu ba ɗaga hannu, domin numfashin da zai yi ihun da shi shi yake nema. Wanda kuwa ya iya kwanciya rigingine a kan ruwa ya huta, zai iya jiran mai ceto tsawon lokaci. Sau da yawa tsakanin rai da mutuwa 'yan mintocin nan ne kawai. Kuma samari matasa, waɗanda ake cewa sun girmi koyo, su ne suka fi kutsawa ruwa don kada abokai su ce sun ji tsoro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ƘUNGIYA BA SHEKARU TAKE TAMBAYA BA

Rikicin da ke cikin tambayar iyaye ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: koyon tsira da rai a ruwa, da shiga ƙungiya, da zama zakara.

Na farko ba shi da lokacin rufewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koya wa yara iyo da dabarun ceto daga shekara 6 zuwa sama, ba ta kuma sanya iyaka ta sama ba. A ƙasashe da dama akwai azuzuwa na musamman domin matasa da manya masu farawa. Abin da ake nema a wannan mataki shi ne yaro ya iya sa fuskarsa cikin ruwa ba tare da firgita ba, ya iya fitar da numfashi a ƙarƙashin ruwa, ya iya yawo a saman ruwa a rigingine, ya iya tsayuwa a wuri mai zurfi yana motsa hannu da ƙafa, ya kuma iya kai kansa gaɓa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Na biyu shi ne shiga ƙungiya. A ƙasar Amurka, inda wannan tsari ya fi kafuwa a makarantu da unguwanni, abin da ƙungiyoyin masu farawa suka saba nema shi ne yaro ya ratsa tsawon kwami sau ɗaya, watau yadi 25 ko mita 25, da iyon rub da ciki, ya kuma ratsa shi da iyon rigingine, ba tare da ya kama gefe ko ya taka ƙasa ba. Sauran salo biyu na gasa, iyon kwaɗo da iyon malam-buɗe-littafi, da yadda ake faɗawa ruwa daga kan dakali, da yadda ake juyawa a jikin bango, a cikin ƙungiyar ake koyonsu. Mai horarwa kan gwada sabon yaro na 'yan mintoci, ya ga inda ya dace ya ajiye shi. Wajen horo, ana raba yara gwargwadon iyawarsu, kowane rukuni da layinsa a cikin kwami. Wajen gasa ne ake raba su gwargwadon shekaru: 'yan 10 zuwa ƙasa, 'yan 11 da 12, 'yan 13 da 14, sai 'yan 15 zuwa 18. Akwai ƙungiyoyin lokacin hutun bazara, da na makarantun sakandare waɗanda da yawansu ke karɓar duk wanda ya cika wancan ƙaramin sharaɗi. Har waɗanda suka wuce makaranta suna da nasu gasar ta manya, inda ake ganin dattawa 'yan shekara 70 da 80 suna tsere da tsararsu.

Saboda haka amsar tambayar "yaushe" a fili take. Yaron da bai iya komai ba ya fara da darasi, sau biyu ko uku a mako, na wasu watanni. Idan ya iya ratsa mita 25 da salo biyun nan cikin natsuwa, yana numfashi a kan tsari, to a kai shi gwaji. Kada a tura shi ƙungiya kafin haka, domin mai horar da yara 20 a lokaci guda ba zai iya tsayawa kan mutum ɗaya da ke shan ruwa ba, kuma yaron da aka jefa cikin abin da ya fi ƙarfinsa yakan fita da ƙiyayyar ruwa har abada.

Na uku, zama zakara, shi ne wanda shekarun farawa ke da tasiri a kansa, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci.

WAƊANDA SUKA FARA A MAKARE

Gaskiya ne cewa galibin manyan zakarun iyo sun fara suna ƙanana. Michael Phelps na Amurka, wanda ya tara lambobin zinare 23 a gasar Olamfik, ya fara yana ɗan shekara 7. Amma akwai waɗanda suka zo daga baya suka cim ma na gaba. Rowdy Gaines, ɗan jihar Fulorida, ya gwada wasanni da dama bai yi nasara ba, sai da ya kai wajen shekara 17 ya shiga ƙungiyar iyo ta makarantarsu. A gasar Olamfik ta Los Anjalis a 1984 ya ci lambobin zinare 3. Sai dai a lura, shi ya san ruwa tun yana ƙarami, domin garinsu garin tafkuna ne. Tsere ne kawai ya fara a makare. Wannan darasi ne gare mu, saboda a Yawuri da Argungu da Baga akwai yaran da suka tashi a bakin ruwa, 'ya'yan masunta, waɗanda ba su taɓa ganin kwamin iyo ba amma ruwa gidansu ne. Duk wanda ya kalli wasannin Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya ga irin baiwar da ke kwance a wurin. Yaro irin wannan ko yana ɗan 15 ba a ce masa mai farawa, salo da ƙa'ida kaɗai suka rage masa.

Misalin da ya fi dacewa da wanda ya fara daga babu shi ne Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Yana ɗan shekara 22 ya je gasar Olamfik ta Sidni a shekarar 2000, watanni kaɗan bayan ya fara horo a ƙaramin kwamin wani otal, bai taɓa ganin kwami mai tsawon mita 50 ba sai a can. A zagayen da aka sa shi su uku ne, da Karim Bare na jamhuriyar Nijar da wani ɗan Tajikistan, amma aka fitar da biyun saboda sun faɗa ruwa kafin a ba da izini. Sai ya yi iyon mita 100 shi kaɗai a gaban dubban 'yan kallo, ya ƙare da kyar cikin minti 1 da sakan 52.72, fiye da ninki biyu na lokacin wanda ya ci gasar. Duniya ta yi ta maganarsa, wasu da yabo wasu da dariya. Abin da mutane da yawa ba su bi sawu ba shi ne bai daina ba. Cikin shekaru huɗu ya mayar da lokacinsa ƙasa da sakan 57, a shekarar 2012 kuma aka naɗa shi mai horar da 'yan iyon ƙasarsa. Bai taɓa cin lamba ba, amma ya zama malamin da ke koya wa yaran ƙasarsa ruwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu binciken wasanni ma sun fara rage darajar farawa da wuri. Wani masani ɗan Jamus, Arne Güllich, da abokan aikinsa sun tattara bayanan dubban 'yan wasa a wani nazari da aka buga a 2022, suka gano cewa waɗanda suka yi fice suna yara galibi sun fara da wuri sun kuma tsaya kan wasa ɗaya, alhali waɗanda suka kai ƙololuwa bayan sun girma sun fi yawan farawa a makare, bayan sun taɓa wasanni dabam-dabam. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, a 2016, ta yi gargaɗin cewa ɗaure yaro a kan wasa ɗaya tun kafin balaga na jawo rauni a jiki da gajiyar zuciya, har yaro ya tsani abin da yake so.

ICCE ƊANYE DA BABBAN YARO

Mun san abin da wasu za su ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana gaskiya ce, kuma don haka muke kira ga masu ƙananan yara kada su jira. Amma karin maganar an yi ta ne domin a zaburar da iyaye su fara tarbiyya da wuri, ba domin a ba su hujjar zubar da wanda ya riga ya tasa ba. Kuma ɗan shekara 13 bai bushe ba.

Babban yaro yana da abin da ƙarami ba shi da shi. Yana fahimtar bayani, idan aka ce ya miƙe hannu ya juya kafaɗa ya san abin da ake nufi, ba sai an maimaita masa sau ashirin ba. Yana da ƙarfi da tsawon gaɓɓai. Mafi girma duka, shi ya zaɓa da kansa, ba jan sa aka yi ba, kuma abin da zuciya ke so jiki ba ya jin nauyinsa. Saboda haka yakan haɗiye cikin watanni abin da ƙarami ke ɗaukar shekaru yana koyo.

Yana kuma da nasa cikas, kuma adalci ne a faɗa masa tun farko. Tsoron ruwa ya fi kafuwa a zuciyar babba. Idon sawunsa da kafaɗunsa ba su da laushin na ƙarami. Yana cikin lokacin da ƙashi ke tsawo da sauri, saboda haka idan aka ɗora masa horo mai yawa farat ɗaya kafaɗa na iya ciwo. A hankali ake ƙara nisa. Ranar gasa kuma da tsararsa za a haɗa shi, waɗanda suka shekara biyar ko shida a ruwa, kuma zai zo na ƙarshe sau da yawa a shekararsa ta farko. A nan ne iyo ya fi wasu wasanni sauƙi ga mai farawa, domin agogo ne alƙali. Yaron da ya yi mita 50 cikin sakan 55 a watan jiya, ya yi cikin 50 a wannan wata, ya ci nasara ko da kowa ya riga shi taɓa bango. Wajibi ne uba ya koyi tambayar ɗansa lokacin da ya yi, maimakon tambayar na nawa ya zo.

Babban shinge kuwa shi ne kunya. Saurayi ba ya son a gan shi a layi ɗaya da 'yan shekara 8, ƙaramin yaro yana wuce shi. An ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibnu Abbas, cewa mai jin kunyar tambaya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Kunya halin kirki ce a muhallinta, amma wadda ke hana mutum koyon abin da zai ceci ransa ba ita shari'a ta yaba ba. Sau da yawa ma kunyar ta uba ce, yana gudun a ce ɗansa ne na baya. Maganinta shi ne a nema wa yaron ajin matasa masu farawa, ko a haɗa shi da abokinsa ko ɗan'uwansa su fara tare, a kuma zaɓi mai horarwa wanda ba ya muzanta ɗalibi a gaban jama'a.

SHARUƊƊAN DA BA A SASSAUTAWA

Da yake muna magana ne a kan yaron da ya kusa balaga ko ya balaga, akwai abubuwan da ba za a kau da kai daga gare su ba.

Na farko suturta al'aura. Dokar hukumar iyo ta duniya, tun daga 2010, ta yarda wandon namiji ya kama daga cibiya zuwa gwiwa, saboda haka babu abin da ke tilasta wa ɗanmu sa ɗan kamfai. A saya masa dogon wando, wajen horo kuma ya ɗora sakakke a kai. Sha'anin 'ya'ya mata ya fi wuya, domin rigar da wannan doka ta tsara wa manyan gasanni ba ta rufe hannu da ƙafa. Amma akwai rigar iyo mai rufe jiki duka wadda Aheda Zanetti ta ƙirƙira a Ostareliya a 2004, kuma hukumar iyo ta Ingila ta halatta irin wannan sutura a gasanninta na cikin gida tun 2017. Ko da yarinya ba za ta yi tsere a gaban jama'a ba, haƙƙinta ne ta koyi iyo a wurin da mata zalla suke, a hannun mace. Idan jirgi ya kife, mata da yara ne suka fi yawa cikin gawarwakin da ake tsamowa, kuma wanda ya koya wa ɗansa ya bar 'yarsa bai yi adalci ba.

Na biyu amana. Kada a bar yaro, namiji ko mace, ya keɓe da mai horarwa. Uba ko uwa ko wani amintacce ya riƙa halartar horo, a duba wurin sauya kaya, a san waɗanda yaro ke tafiya gasa tare da su.

Na uku salla. Ƙungiyoyi da yawa kan yi horo da sassafe ko da yamma, lokacin Asuba ko Magariba. A shaida wa mai horarwa tun ranar farko cewa yaron zai fita ya yi salla a kan lokaci. A watan azumi a mayar da horo mai nauyi bayan buɗa-baki.

Na huɗu lafiya. Yaro mai farfaɗiya ko ciwon zuciya sai da izinin likita, da kuma wanda zai zuba masa ido shi kaɗai. A hana samari gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, domin tana sumar da ƙwararre ma ba tare da gargaɗi ba. A guji koyo a kududdufi da ruwan da ke kwance inda dodon-koɗi ke zama, domin nan ake ɗaukar tsargiya. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, maganinta na nan. Sa'an nan a koya wa kowane yaro cewa idan ya ga wani yana nutsewa ya yi kururuwa, ya miƙa sanda ko ya jefa igiya ko jarka mai murfi, kada ya faɗa a kansa, domin mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

KIRA

Mun san cewa mafi yawan masu karanta wannan shafi suna zaune ne a garuruwan da babu ƙungiyar iyo, kwamin da ke akwai kuma na otal ne da talaka ba ya kusanta. Wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce. A Bangladesh, ƙasar Musulmi matalauta masu yawan ruwa, an kafa shirin da ake kira SwimSafe, inda ake kafa dandamali na gora a cikin tafkin ƙauye, a horar da matasan garin su zama malamai, su koya wa yara ratsa mita 25, da tsayuwa a ruwa sakan 30, da ceto daga bakin gaɓa. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar nutsewa ta ragu ƙwarai a cikin yaran da suka kammala. Abin da gora da niyya suka yi a can za su iya yi a nan, in an zaɓi ruwa mai tsabta da shawarar ma'aikatan lafiya.

Muna kira ga makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin agaji na birane su haɗa kuɗi su yi hayar kwami na sa'o'i a mako, rana ta maza dabam ta mata dabam, su fara da horar da malamai, musamman mata. Muna kira ga masu hali su tuna cewa gina wurin koyon iyo mai kiyaye mutunci sadaka ce mai gudana. Muna kuma kira ga kowane uba da ɗansa ya zo masa da wannan buri bayan ya tasa, kada ya kashe masa gwiwa da lissafin shekaru. Ya kai shi ya koya, in ya ratsa mita 25 ya kai shi gwaji, sa'an nan ya bar wa Allah sauran. Wataƙila yaron ba zai taɓa hawa dakalin karɓar lamba ba, amma zai fito da ƙarfin jiki, da juriya, da abin da zai koya wa ƙannensa da 'ya'yansa, kuma wata rana a bakin wani kogi ana iya samun rai da Allah zai kuɓutar ta hannunsa.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu a tudu da ruwa, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana.